Dubai zuwa Gwanzu: yadda za ka lissafa nisa da awowin jirgi da kanka

Tsakanin filin jirgin Dubai da na Gwanzu, a ƙasar Sin, akwai kimanin kilomita 5,830. Jirgin da bai yada zango ko'ina ba yakan cinye su cikin awa 7 da ƴan mintoci zuwa 7 da rabi idan gabas ya dosa, a dawowa kuma awa 8 zuwa kusan 9. Mai neman amsa kawai ya samu, yana iya tsayawa nan. Sauran bayanin na wanda zai sa ƙafa a jirgin ne, ko wanda zai aiki yaronsa.

Ni tikitin jirgi nake yankar wa mutane a wata ajans kusa da Babbar Kasuwar Yamai, kuma akasarin masu zama kan kujerar da ke gaban teburina ƴan kasuwa ne masu haɗa garuruwan nan biyu a fita guda. Su sauka Dubai su sari turare da abaya da wayoyi a unguwar kasuwa ta Deira, sannan su zarce Gwanzu neman takalma, tayil, farantan sola da kayan babur. Mutanen nan sun fi ni iya lissafi nesa ba kusa ba. Alhaji zai juya maka dalar Amurka zuwa dirhami, ya mai da ita sefa, duk a ka, kafin ka gama buɗe kalkuleta. Amma da an zo kan awowin jirgi sai lissafi ya watse, domin agogo uku ne ke aiki a tafiyar, su kuwa da ɗaya suka saba.

Kafin komai, duba haruffa ukun da ke kan tikiti, don daga fili zuwa fili ake auna nisan jirgi, ba daga gari zuwa gari ba. Namu na Diori Hamani NIM ne. Babban filin Dubai DXB ne, yana manne da Deira. Akwai na biyu, Al Maktum, mai haruffa DWC, can kudu wajen Jabal Ali, nesa da kasuwa. Akwai kuma SHJ, wato Sharja, masarauta ce daban ko da yake garuruwan sun haɗe. Filin Gwanzu sunansa Baiyun, CAN ake rubuta masa, sunan garin kuma a takarda Guangzhou za ka gani. In ka ga SZX, Shenzhen ce, HKG kuma Hong Kong, wadda ke da nata ƙa'idojin shiga. Sau da yawa tikitin da ya fi araha a intanet ɗaya daga cikin waɗannan ne, sai mutum ya sauka ya tarar da sauran tafiyar ƙasa na jiransa, ga akwatuna a hannu.

Auna nisan ba shi da wuya. Buɗe Google Maps a waya, danna yatsa kan filin farko ka riƙe har alama ta fito, zaɓi wurin auna nisa, ka ja taswira zuwa fili na biyu. Layin da zai zana maka ba zai miƙe sak ba, zai ɗan lanƙwasa ta arewa. Ba kuskure ba ne. Duniya dunƙulalliya ce, taswirar waya kuma shimfiɗaɗɗiya, hanya mafi kusa a kan abu dunƙulalle kuwa baka take yi idan an shimfiɗa shi. Ka yi wannan aikin tun kana Yamai ka ɗauki hotonsa, domin a cikin ƙasar Sin Google da WhatsApp ba sa buɗuwa a layukan ƙasar. Sai kuma ka lura da ma'aunin da aka ba ka. Wani wuri zai ce 3,620, wani ya ce 3,150, kai kuma ka ga 5,830, duk nisa ɗaya ne. Na farko mil ne na ƙasa, kowane ɗaya kilomita 1.609. Na biyu mil ne na teku, wanda matuƙa ke aiki da shi, kowane ɗaya kilomita 1.852.

Yanzu raba. Manyan jiragen da ke wannan hanya, irin Boeing 777 da Airbus A380 da A330, gudunsu in sun daidaita a sama tsakanin kilomita 850 ne da 900 a awa, wato kusan tafiyar Yamai zuwa Damagaram ta titi a cikin awa guda. Ni da 850 nake aiki. Raba 5,830 da 850, za ka sami awa 7 saura ƴan mintoci. Ƙara minti 30 na hawa da sauka da tafiyar da jirgi ke yi a ƙasa kafin ya kai titin tashi. Ka sami wajen awa 7 da minti 20, wanda bai yi nisa da abin da kamfanoni ke rubutawa ba. Lokacin da ke kan tikiti daga sanda jirgi ya motsa daga ƙofa ne zuwa sanda ya tsaya a ƙofar can, ba zaman sama kaɗai ba. A gajerun tafiye-tafiye wannan lissafi yakan gaza kaɗan, don rabon hawa da sauka ya fi yawa. Gwanzu zuwa Yiwu, garin ƙananan kaya, bai cika kilomita 1,000 ba, amma awa 2 ake ba shi ko kusa da haka. Dubai zuwa Jidda wajen kilomita 1,700 ne, kuma kusan awa 3 za ka gani a tikiti. A irin waɗannan ka raba da 800, ka ƙara minti 45.

Jirgi kuma ba ya bin layin nan na taswira daidai. Layin yana goga ƙasan duwatsun Himalaya ta wajen Nefal, jirage kuwa sun fi son su ratsa Indiya, su bi ta Bangaladash da Myanmar, su shiga Sin ta kudu maso yamma. Dalilin kauce wa tudun Tibet shi ne, in iskar shaƙa ta cikin jirgi ta sami matsala, dole matuƙi ya sauko da sauri zuwa wajen mita 3,000, tudun kuwa shi kansa ya haura mita 4,000 a yawancin wurare. Ba inda za a sauko. Siyasa ma takan ƙara nisa. A 2019 Fakistan ta rufe samaniyarta daga ƙarshen Fabrairu, ba ta buɗe ta gaba ɗaya ba sai tsakiyar Yuli, jirage da yawa suka yi ta zagaye duk tsawon lokacin.

To, me ya sa dawowa ta fi zuwa tsawo? Na sha jin ana cewa wai duniya ce ke juyawa a ƙarƙashin jirgin. Ba haka ba ne, iskar da jirgin ke ciki tare da duniya take juyawa. Abin da ke faruwa shi ne, can sama, tsakanin kilomita 9 da 12, daidai inda jirage ke tafiya, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. A lokacin ɗari takan kwanta a saman arewacin Indiya, gudunta ya wuce kilomita 200 a awa. Mai zuwa Gwanzu tana tura shi ta baya, mai dawowa Dubai yana karo da ita. Kana iya ganin wannan da idonka a ɗan allon da ke bayan kujerar gabanka: a Janairu, a hanyar zuwa, gudun jirgi kan taɓa 1,000, a dawowa ka gan shi yana jan ƙafa wajen 750. Da damina iskar takan koma arewa, bayan duwatsun, sai bambancin zuwa da dawowa ya ragu. Shi ya sa jirgi ɗaya mai lamba ɗaya za ka ga lokacin saukarsa a Disamba daban, a Yuli daban.

Ga inda ake tafka asara. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti agogon garin da abin ke faruwa ne. Lokacin tashi agogon Dubai, lokacin sauka agogon Gwanzu. Dubai na gaban Yamai da awa 3, Gwanzu na gaban Yamai da awa 7, tsakaninsu kenan awa 4. Wannan ba ya sauyawa duk shekara, domin Nijar da Daular Larabawa da Sin babu mai taɓa agogonta da rani ko da ɗari yadda ƙasashen Turai ke yi. Sin kuma duk girmanta agogo ɗaya take bi, na Bejin, saboda haka Gwanzu da Yiwu da Shanghai lokacinsu ɗaya.

Wani Alhaji ɗan Tawa, dattijo mai sarin takalma, ya taɓa dawo mini da takardar tikitinsa ya shimfiɗa ta a tebur, ya ɗora yatsa kan layi na biyu.

"Ɗana, wane irin tsohon jirgi ka sa ni? Zuwa awa 11 da rabi, dawowa awa 4 da rabi. Ka mai da ni cikin mai saurin nan duka biyun, ko nawa ne zan cika."

Na ce, "Ranka ya daɗe, jirgi ɗaya ne. Kuma wanda kake ganin mai sauri shi ne zai fi daɗewa da kai a sama."

Ya cire tabarau ya dube ni. Sai na jawo biro muka yi lissafin a bayan takardar, kuma shi ne zan nuna a nan.

A ce tikiti ya ce tashi daga Dubai 10:15, sauka Gwanzu 21:45. In ka cire wannan daga wancan za ka sami awa 11 da rabi, amma a ciki akwai awa 4 da ba ka zauna su a jirgi ba, agogo ne ya yi tsalle. Cire su, saura 7 da rabi. A dawowa, a ce tashi daga Gwanzu 00:15, sauka Dubai 04:45. Ido zai ce awa 4 da rabi. Wannan karon agogo baya ya koma, don haka ƙara 4 za ka yi, ka sami 8 da rabi. Gabas ka cire, yamma ka ƙara.

Sai dai ni ba na son mutum ya dogara da haddar cirewa da ƙarawa, don in gajiya ta kama shi sai ya juya su. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a mai da kowane lokaci agogon Yamai tukuna. 10:15 a Dubai ƙarfe 07:15 ne a gida. 21:45 a Gwanzu ƙarfe 14:45 ne a gida. Daga 07:15 zuwa 14:45, ko yaro ya san awa 7 da rabi ne. Dawowa: 00:15 a Gwanzu ƙarfe 17:15 ne na yammacin jiya a Yamai, 04:45 a Dubai ƙarfe 01:45 ne na dare. Awa 8 da rabi. Amfanin wannan hanya biyu ne: ka san tsawon zamanka a jirgi, iyali kuma sun san lokacin da za su fara jiran waya. Ka rubuta layuka biyu a takarda, na garin da na gida, ka bar wa uwargida kwafi ɗaya.

Jirgin 00:15 ɗin nan shi ya fi kowanne cin kuɗin mutane. Idan tikiti ya ce Talata 00:15, daren Litinin za ka bar otel, wajen ƙarfe 8 na dare, domin da ƙarfe 12 ta buga Talata ta riga ta shiga. Wata Hajiya mai kayan kicin ta kira ni daga Gwanzu da yammacin Talata tana tambayar ko ƙarfe nawa ya kamata ta kama hanyar fili. A lokacin jirginta ya daɗe da sauka a Dubai. Ta yi sabon tikiti, ta ƙara kwana biyu a otel, ta kuma rasa jirginta na Dubai zuwa gida. Tun daga nan duk wanda na yankar wa jirgin da ke tashi tsakanin 00:00 da 03:00, da jan biro nake rubuta masa ranar da zai bar masauki. Haka kuma in ka ga +1 kusa da lokacin sauka, washegari kenan za ka isa. Tashi 20:00, sauka 07:30 +1: awa 7 da rabin nan dai ce, amma ɗakin otel na ranar gobe za ka kama, kuma da wuya su ba ka makulli da sassafe sai in kun yi magana tun farko.

Emirates da China Southern suna yin wannan hanya kai tsaye. Akwai kuma tikitoci masu zango a Doha, ko Bankok, ko Hong Kong, wani lokaci da rahusa. Lissafin zangon kansa mai sauƙi ne, domin sauka da sake tashi duk a agogo ɗaya suke, cirewa kawai za ka yi. Abin dubawa shi ne jimilla. Doha tana yamma da Dubai, wato baya za ka koma fiye da awa guda kafin ka fuskanci gabas, ga zaman jira, sai tafiyar awa 7 da rabi ta zama 12 ko 13. Ga saurayi mai jaka ɗaya ba laifi. Ga dattijo mai ciwon ƙafa, a ganina rarar kuɗin ba ta kai wahalar ba. In kuma zangon dole ne, kada ka karɓi wanda bai kai awa 2 ba, ko da na'ura ta yarda ta sayar maka.

Wani abin da ƴan kasuwa ke mamaki in na nuna masu: ga mai bi ta Adis Ababa, Dubai kusan a kan hanya take. Yamai zuwa Adis wajen kilomita 4,000 ne. Adis zuwa Gwanzu kai tsaye kimanin 8,000. Adis zuwa Dubai 2,500, ka haɗa da 5,830, ka sami 8,330. Ratsen bai wuce kilomita 300 da ɗan abu ba. Abin da yake ci shi ne biza, otel da kwanaki.

Awowin jirgi kuma ba su ne tsawon tafiya ba. Ɗauki jirgin 10:15 ɗin nan. Ana son ka kasance a fili awa 3 kafin tashi, galibi kuma ana rufe karɓar kaya awa guda kafin lokaci, ga shi filin Dubai daga wurin auna kaya zuwa ƙofar jirgi tafiya ce ta kanta. Ka bar otel a Deira 06:45 kenan. Ka sauka 21:45, layin duba fasfo da ɗaukar zanen yatsu da jiran akwati su ci awa ɗaya da rabi. Baiyun yana wajen kilomita 28 arewa da tsakiyar gari, kafin taksi ta kai ka unguwar Xiaobei, inda ƴan Afirka suka fi sauka, sha biyun dare ta gota. Wajen awa 13 da rabi daga ƙofa zuwa ƙofa, a agogo kuma yini ya tafi ɗungurungum. Kada ka sa ranar cikin kwanakin kasuwa, kada kuma ka yi wa dillali alƙawarin ƙarfe 8 na safiyar gobe. Wanda ya kwana uku ko huɗu a Dubai jikinsa ya riga ya ɗan matsa, awa 4 kawai zai cike. Wanda ya taho daga Yamai ba hutu awa 7 ce a kansa, ƙarfe 12 na dare a Gwanzu jikinsa na cewa 5 na yamma ne, barci ba zai zo ba sai gab da asuba.

Sallah ma tana bukatar shiri. Mai tafiya gabas rana gudu take yi masa. A jirgin safen nan Azahar za ta shiga kafin a cika awa 2 da tashi, rana kuma ta faɗi bayan awa 5 da ɗoriya, wato Azahar da La'asar duka a sama za su shiga su fita. Ka hau da alwala, hukuncin haɗawa da ƙasaru kuma ka tambayi malaminka tun kana gida. Mai azumi da rana zai yi aiki, ba da agogon hannunsa ba. Sannan a Dubai da Gwanzu alƙibla yamma take. Mu da muka tashi muna fuskantar gabas, ƙafa da kanta take juya mutum can a ɗakin otel, sai an kula.

A waya, shiga manhajar agogo ka jera garuruwa uku, Yamai, Dubai da Bejin, tun kafin ka tashi. Wayar ba za ta sauya lokaci da kanta ba sai ta kama layi ko intanet a inda ka sauka, don haka kada ka saita ƙararrawa kafin ka tabbatar ta sauya. In kana son magana da yaran shago, ƙarfe 9 na safe a Yamai ƙarfe 4 ne na yamma a Gwanzu, kuma masu kaya a can sun kusa rufewa. Duk abin da ke bukatar amsa daga gida, ko kuɗin da za a turo, ka aika saƙonsa tun da dare, ka tashi ka tarar da shi.

In kana son sanin abin da jirginka ke yi a zahiri, ba abin da aka rubuta ba, sa lambarsa a manhajar bibiyar jirage ta Flightradar24, zai nuna maka lokacin da ya tashi da lokacin da ya sauka a kwanakin baya. Nan za ka gane jirgin da ya saba latti. Yanayi ma yana da hannu: Gwanzu na shan ruwan sama da tsawa daga Afrilu zuwa Satumba, guguwar teku kuma ta fi yawa daga Yuli zuwa Satumba, Dubai kuwa hazo ne ke tsare jirage da safe a lokacin ɗari. Kujeru na ƙaranci su yi tsada lokacin babban baje kolin Gwanzu, wanda ake yi tun 1957, sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu da kuma tsakiyar Oktoba. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu su rufe makonni, ka je ka tarar da shaguna a kulle.

Idan tikitin Gwanzu zuwa Dubai daban ne da na Dubai zuwa gida, kamfani na biyu ba ruwansa da lattin na farko, kuma sai ka fita ka karɓi kayanka ka sake auna su, wanda ke nufin kana bukatar izinin shiga Dubai a karo na biyu, don haka ka duba ko bizarka ta shiga ɗaya ce. A irin wannan ba na barin ƙasa da awa 6 tsakanin jiragen biyu, in da hali ma kwana nake sa mutum ya yi.